Littafin da Kawu Ya Ɗinka a Juye

Kawuna, yayan mahaifiyata, mai ɗinkin littattafai ne. Shekara arba'in da ɗoriya ya yi a shago guda, a bakin layinmu, tsakanin mai gyaran agogo da mai kemis. In kana nemansa, ka ce Mai Bango, za a nuna maka. Ni kuwa shekara goma sha tara na yi ina yawo da labarinsa, cewa shi ne ya tafka kuskuren da ba a taɓa yi ba a sana'arsu. Yau zan gyara labarin, tunda dama gyara ne halina.

Shagon bai fi ɗakin girki girma ba. Tebur ɗaya ne dogo, duk ya sha yankan wuƙa. A gefe ga ƙarfen matsi mai hannu kamar sitiyarin mota, wanda yake danne littafi da shi ya kwana. Ga kwalaye jingine da bango, ga zare a rataye, ga allurai soke a jikin wani tsohon soso, ga tukunyar gam da warinta ya kama rigunansa har sabulu ya haƙura. Manuninsa na hagu guntu ne. Injin yankan takarda ne ya cinye kan tun yana saurayi a maɗaba'a, inda ya fara da shara kafin wani tsoho ya koya masa ɗinki. In yara suka tambaye shi, sai ya ce wani ƙaton ƙamus ne ya cije shi.

Aji huɗu ya yi a makaranta. Yana karatu, amma da ƙyar, yana bin layi da guntun yatsan nan, leɓensa na motsi. Saboda haka ba ya karanta abin da ake kawo masa. Lauya ya kawo, ɗalibi ya kawo, tsohuwa ta kawo littafin marigayin mijinta duk ya zazzage, shi dai lambar shafi yake bi. In ya gama jerawa, sai ya zaro fensir daga bayan kunne, ya sa wa kowane falle 'yar lamba can cikin ninki, inda zare zai bi, inda in an ɗinke ba mai sake gani.

Na taɓa tambayarsa, "Kawu, wannan lambar ta wa ce, tunda ba a ganinta?"

Ya ce, "Tawa ce. Ko iska ta watsa mini aiki, na san inda na tsaya."

Yana da wani hali kuma: ba ya iya wuce takarda a ƙasa. Ko a tsakiyar titi ce sai ya duƙa, ya kakkaɓe, ya miƙar da ita a cinyarsa, ya sa aljihu. Mama takan ce wata rana mota za ta kwashe shi a kan takardar ƙunshin gyaɗa. Matarsa ta rasu da wuri, Allah bai ba su haihuwa ba, bai kuma sake aure ba. Kullum da rana a gidanmu yake cin abinci.

Shi ya laƙaba mini Malama. Tun ina aji uku nake gyara wa mutane magana. In Mama ta ce ranar Talata aka yi abu, ni ce mai cewa Laraba ce. In hoto ya karkace a gidan mutane, ba na jin hira sai na tashi na daidaita shi. Baba ya sha cewa wanda zai aure ni ya shiga uku. Ni dai ba na iya ganin kuskure in bar shi, ko da kuwa ba a kasa da ni ba.

Ina shekara goma sha bakwai abin ya same ni. Ba wanda ya rasu, ba wanda ya yaudare ni, ban faɗi jarrabawa ba. Da akwai dalili da na fi kowa murna, don da na nuna shi na huta da tambaya. Haka kawai abinci ya daina ɗanɗano. Dariyar ƙawayena ta koma kamar rediyon maƙwabta, ina ji amma ba ruwana. Wanka ya zama aiki, taje kai ya zama aiki, amsa gaisuwa ma aiki. Baba ya ce lalaci ne. Mama ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta yi addu'a, ta koma kuka a ɗakin girki. Abin da ya fi tsorata ta shi ne ranar da ta ce Talata da gangan, alhali Laraba ce, na ji ta sarai, na yi shiru.

A cikin watannin nan ne na rubuta wata tatsuniya. Ba wanda ya sani. Nakan cire fallen tsakiya daga littafin makaranta, in cika shi, in cusa ƙarƙashin katifa. Falle tara na yi cikin wata biyar, kowanne da nasa abin da ya faru, kowanne kuma da kalma ɗaya yake farawa: da gari ya waye. Ban sa musu lamba ba, don ban yi nufin wani ya karanta ba.

Labarin wani gari ne inda inuwar kowa take da nauyi. Ta yawancin mutane ba ta fi gyale ba. In an yi ruwan sama sukan shanya ta a igiya, in ta yage akwai teloli masu yi mata faci. A garin akwai wata budurwa, da wani saurayi mai ƙera fitilu da yake sonta. A falle na farko suna tsere a bakin kogi. Daga nan inuwarta ta fara nauyi, ba wanda ya san dalili. Ta koma tafiya a hankali, shi yana riƙe mata gefen inuwar. Ta koma ba ta wuce bakin ƙofa. Ta koma zaune, tana korar sa ta bayan ƙyaure. Ta kwanta. A falle na tara inuwar ta lulluɓe ta gaba ɗaya, har tsuntsaye suka ɗauka tudu ne suka yi sheƙa a kai, ita kuma ba abin da take so illa kada gari ya sake waye mata.

Ba zan yi muku kwana-kwana ba. Ranar da na rubuta falle na tara, ni da budurwar nan abu ɗaya muke so. Na tattara fallayen na zuba a kwandon shara na tsakar gida, na koma ɗaki na ja bargo. Daga ranar ban sake taka ƙofar gida ba.

To, kun dai san halin Kawu da takarda. Ya zo cin abinci, ya hango kwando, ya duƙa.

Kwana huɗu bai zo cin abinci ba, sai dai a kai masa shago. A kwanakin ne kuma Mama ta ɗauko wata sabuwar ɗabi'a da ta ba ni haushi. Ta kwaso duk aikinta ta dawo da shi bakin ƙofar ɗakina. Guga a nan, yankan albasa a nan, sallah a nan, ta kuma hana a rufe ƙofar. Ban tambaye ta dalili ba, ba ni da ƙarfin tambaya.

Rana ta biyar da hantsi na ji sallamarsa. Ya shigo, ya tsaya a kaina da warin gam ɗinsa, ya ajiye wani abu a gefen matashi.

Ya ce, "Malama, na tsinci aikinki a shara, na ɗinke miki. Sai dai ba ki sa lamba ba, sai na bi hannu. Mai rubutu da rawar hannu yake farawa, in ya yi nisa sai hannun ya zauna. Haka na jera su."

Ya juya ya fita abinsa.

Na yi niyyar ko kallon abin ba zan yi ba, amma warin ya hana ni sakat. Bayan azahar na jawo shi don in wurga ƙarƙashin gado. Littafi ne sosai, da bango mai tauri, an lulluɓe shi da shuɗin yadi, kusurwoyinsa tsaf. Ban taɓa ganin rubutuna da irin wannan sutura ba. Na buɗe shafin farko, sai ga tsuntsaye suna sheƙa a kan tudu.

Falle na tara ne ya sa a farko, wanda na rubuta hannuna na rawa, biro na shirin ƙarewa. Na takwas na biye da shi. Mutumin nan ya ɗauki labarina ya kifa shi gaba ɗaya.

Wata biyar ban ji komai ba, ba daɗi ba zafi. Ranar na ji, kuma fushi ne, irin mai tasowa daga ciki har kunnuwa. Na tashi zaune, na fara karantawa don in ga iyakar ɓarnar da ya yi.

Da gari ya waye, budurwa na ƙarƙashin inuwa, ba ta son komai. Da gari ya waye, hannunta ɗaya na waje, mai fitilu ya ajiye fitila a bakin ƙofa ya tafi. Da gari ya waye, tana zaune, har tana da ƙarfin daka masa tsawa ta bayan ƙyaure. Da gari ya waye, tana tsaye dafe da ƙofa tana kallon titi. Da gari ya waye, ga ta a hanyar kasuwa, yana riƙe mata gefen inuwa. Kalmomina ne, ban ga an taɓa ko ɗigo ba. Ni na rubuta su ina gangarawa, ga su nan suna hawa. Da na kai shafin ƙarshe na tarar da su suna tsere a bakin kogi, sai ga layin da na rubuta wata biyar baya ba tare da na ɗauke shi komai ba: inuwar na biye da ita, amma ba ta jin nauyinta.

Na daɗe zaune da littafin a cinya, ina jin tsoro irin na wanda aka kira sunansa a inda ya ɗauka ba kowa. Sannan Malama ta farfaɗo. Kuskure dai kuskure ne, kuma sai an gyara shi. Na zura takalmi wari da wari, na yafa mayafin Mama, na tsallake ta ita da kwanon albasarta, na fita.

Daga gidanmu zuwa shagon bai fi taku ɗari biyu ba, amma sau biyu na dafa bango. Na same shi yana zura zare a allura.

Na ce, "Kawu, a juye ka ɗinka!"

Ya karɓa, ya juya kan littafin ƙasa, ya sake juyowa. "A juye? Ikon Allah. Ga sama ga ƙasa, Malama."

"Ba wannan juyin ba. Ƙarshe ka sa a farko."

"Ash. Kin ga illar aji huɗu. To ai ni da na ɗan leƙa, na ga kamar ya tafi daidai."

"Ba haka ya faru ba."

"Ke kika san yadda ya faru," in ji shi. "Zauna, kina haki."

Na ce ya kwance yanzun nan. Ya ce gam bai gama bushewa ba, in ya taɓa takarda za ta yage, in dawo gobe. Washegari na dawo, ya ce zaren da ya dace ya ƙare. Na sake dawowa, ya ce yana da aikin lauya na gaggawa. Kullum da hantsi ina tafe da fushina, kullum da sabon uzuri. Har ya share mini ƙarshen tebur ya ajiye kujera, wai kada in tsaya masa a kai.

A nan zaune na lura da fararen takardu da ya sa tsakanin kowane falle da na gaba. Na tambaya, ya ce ciko ne don bango ya zauna. Na ce to ko ba komai wannan jerin nasa bai da ma'ana. Mutum na kwance ƙarƙashin tudu, sai kawai a wayi gari hannunsa na waje? Me ya fito da hannun? Ba a faɗa ba.

Bai ɗago daga ɗinkinsa ba ya ce, "To ki faɗa mana. Ga farar takarda nan zaune."

Ya miƙo mini biro. Kwana uku ina kallon takardar nan, don ni kaina ban san abin da ke fito da hannun ba. Yadda ake kwanciya na sani, shi na rubuta da kyau. A rana ta uku na rubuta cewa ɗan tsuntsu ne ya faɗo daga sheƙa yana ta tsiwa, ya dame ta, ta fito da hannu don ta ture shi, sai ta ji ɗuminsa. Na karanta wa Kawu. Ya ce tsuntsun ya yi kama da wani da ya sani.

Wata rana yana shafa gam ya ce, "Malama, garin nan naku ba likita ne? Mai fitilun nan yana ƙoƙari, amma shi fitila ya iya."

"Tatsuniya ce, Kawu."

"To namu garin akwai. Gobe ki raka ni asibiti, idona na damuna."

Da muka je, kati biyu ya yanka. Aka ɗiga masa magani a ido, ni kuma ya tura ni ɗakin wata likita mai furfura, ya zauna a benci yana jira. Ita ce ta fara gaya mini cewa abin nan ciwo ne, ciwon damuwa, yana da suna, yana da magani, kuma ba ni kaɗai ba ce. Na yi kukan da ban yi ba wata shida. Da na fito, na tarar da shi yana miƙar da wata takarda da ya tsinta a ƙarƙashin benci.

Kada wani ya ɗauka littafi ne ya warkar da ni cikin mako guda. Shekara biyu na yi ina shan magani ina komawa wurin likita. Akwai makonnin da na koma ƙarƙashin bargo, Kawu ya aiko a gaya mini ya samo zare, in zo a kwance. In na je, ya ce ashe ba irinsa ba ne. Fararen takardu takwas ne, shekara biyun nan na yi kafin in cika su. Da na cika ta ƙarshe, na daina maganar kwancewa. Bayan haihuwata ta fari abin ya sake leƙo ni, na koma wurin likita da ƙafata, littafin na cikin jaka.

Na zama malamar makaranta, Malama ta gaske. Kuma Allah Ya yafe mini, ba taron dangin da ban ba da labarin nan ba. Na ba mijina tun kafin aure, na ba 'ya'yana, na ba ɗalibaina. Mutum ya shekara arba'in yana ɗinkin littafi, ya ɗinka na 'yar ƙanwarsa a juye. Nakan ce Allah ne Ya tsare ni da kuskuren Kawu. A yi ta dariya, shi kuma ya sosa ƙeya ya ce, "Ai kowa da ranarsa." Ko sau ɗaya bai kare kansa ba.

Littafin ya tsufa a hannuna. Sau uku ina kai masa gyara, sau uku yana lallaɓa shi ta waje, ya liƙa yadi a gadon baya ya danne. In na ce ya kwance ya sake ɗinki mai kyau, sai ya ce tsohuwar takarda ba ta son a tashe ta.

Bara ya rasu, bayan gajeriyar jinya. Makullin shagon ya dawo hannun Mama, ta ba ni. Wata uku bayan nan zaren littafin ya tsinke, fallaye suka fara zamewa. Zaman da na yi a ƙarshen teburinsa ya koya mini ɗinki daidai gwargwado, sai na buɗe shagon wata Asabar da safe, na zauna a kujerarsa, na ɗauki wuƙarsa na yanke tsohon zare.

Na buɗe ninkin fallen da yake farko, na tsuntsaye da tudu. A can ciki, inda zare ya bi, ga fensirinsa. Lamba biyu ce. Ya rubuta tara, ya soke ta da layi ɗaya, ya rubuta ɗaya a gefe.

Na buɗe na gaba. Takwas, an soke, biyu. Na gaba, bakwai, an soke, uku. Haka har na bakin kogi, inda ya rubuta ɗaya, ya soke, ya rubuta tara. Falle tara marasa lamba, mutumin da ke bin layi da yatsa ya jera su daidai yadda na rubuta su, bai kuskure ko guda ba. Ya karanta har ƙarshe, ya ga inda na nufa. Sannan ya ɗauki fensir ya juya hanyar.

Na kwashi fallayen na nufi gida wurin Mama, na baje mata su a cinya. Ta duba, ta share ido da bakin zane.

Ta ce, "Kwana huɗu ya tura ƙofar shago yana karantawa. Tun daren farko ya fara da na ƙarshen, don shi ne a sama. Da sassafe ya zo ya ce mini kada in kuskura in bar ki ke kaɗai. Na ce to me za mu yi, Yaya? Ya ce, yarinyar nan ko a kwance take ba za ta ga kuskure ta bar shi ba, ki bar ni da ita."

"Shekara goma sha tara, Mama. Ina ta mai da shi abin dariya, kina ji."

"Shi ya hana ni. Ya ce in kin san da gangan ne, gardama za ki yi."

Kuma gaskiyarsa, da na yi.

Na koma shagon. Na jera fallayen a kan tebur, nawa na da, da na cikon da na rubuta a gefensa. Na zura zare a allura, sau uku ina kuskurewa don idona ya cika. Lambobi biyu ne a kowane ninki, na bi ta biyun. Da na gama na shafa gam, na sa littafin a ƙarfen matsi, na murɗa hannun, na bar shi ya kwana yadda Kawu yake yi.